Iskar da ke tsakaninka da wayar wuta

Idan hunturu ya kankama a garin Filinge na Nijar, wajen Disamba zuwa Janairu, duk wanda ya yaye bargon roba cikin duhu ya san ƙarar nan ta tas-tas da ɗan tartsatsi mai shuɗi-shuɗi. Yara har sake goga bargon suke yi don su gani. Da damina kuwa, ko ka goga har hannunka ya gaji, shiru kake ji. Mutane kan ce sanyi ne ke kawo shi, alhali bushewa ce. Gogayya tana tara cajin lantarki a kowane lokaci na shekara, sai dai danshin damina yana shafa wa komai siririn ruwan da ido ba ya gani, cajin ya bi ta nan ya sulale ƙasa tun bai taru ba. Da hunturu ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa har ya keta iska ya faɗa kan yatsanka.

Keta iskar nan ba ƙaramin aiki ba ne. Kafin lantarki ya tsallaka milimita ɗaya na busasshiyar iska, yana buƙatar ƙarfin turi na kusan bolt 3,000. Ke nan tartsatsin da yara ke wasa da shi ya ninka bolt 220 na soket ɗin ɗaki sau da yawa. Abin da ya hana shi kisa shi ne ƙanƙantar cajin, wanda ke ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Na soket turinsa kaɗan ne, amma ba ya yankewa muddin kana riƙe da shi.

A ɗaga kai a dubi manyan wayoyin kamfanin wutar lantarki NIGELEC da ke bin gefen hanya. Tsirara suke, babu roba a jikinsu. Layin da ke kawo wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai yana ɗauke da bolt 132,000, shi ma haka yake. Me ke hana wutar zubowa kan mai wucewa? Iska ce kawai, sai faifayen gilashi ko tangaran da ke raba waya da turke. A cikin jan ƙarfe da alminiyam akwai ƙwayoyin lantarki da ke yawo sakaka, turi kaɗan ya isa su kama hanya. A cikin iska kowace ƙwaya a ɗaure take, har sai turi ya kai inda zai fizge ta. Kamar shingen ƙaya ne a gaban garken da ya ji ƙishirwa: yana tsarewa, yana tsarewa, amma da zarar saniya ɗaya ta ɓalle shi, sauran ta wannan kafar za su kwarara. Shi ya sa yaron da ke zaune bisa lodin babbar mota ranar kasuwa, ko makiyayin da ke kakkaɓo wa dabbobinsa ƴaƴan gawo da dogon sanda, ba sai ya taɓa babbar waya ba. Ya matsa kusa da ita sosai, iskar da ta rage tsakani ta kasa, wutar ta tsallako.

Tun a 1729 wani Bature a Ingila, Stephen Gray, ya lura cewa abubuwa ba ɗaya suke ba a wajen lantarki. Ya aika caji ta igiyar zare tsawon fiye da mita 200, yana rataye ta da zaren siliki. Da ya musanya silikin da wayar ƙarfe, cajin ya gudu. Abin lura shi ne igiyar tasa ba ƙarfe ba ce, ɗan danshin da ke cikinta ne ya ɗauki cajin. A makaranta an raba mana kaya gida biyu, masu ɗaukar wuta da marasa ɗauka, muka haddace. Rabon yana da amfani a jarrabawa, amma a ganina ya sa mutane sakin jiki fiye da kima. Busasshen sanda da ɗanyen reshe duk itace ne. Igiyar guga kafin ta shiga rijiya da bayan ta fito, ai ba a ce abu ɗaya ba ne.

Babban misalin keta iska yana zuwa daga gabas kowace damina. Ƙura ta taso ja wur ta rufe kwarin Dallol Bosso, hadari ya biyo bayanta. Can cikin girgije, inda sanyi ya daskarar da ruwa, ƙanƙara da ɓurɓushinta suna ta karo da juna, caji yana rabuwa, har bambancin da ke tsakanin girgije da ƙasa ya kai miliyoyin bolt. Daga nan iska ta tsage. Hanyar da walƙiya ta bi takan yi zafin kusan digiri 30,000, wajen ninki biyar na zafin fuskar rana, iskar ta kumbura farat ɗaya, ƙarar ke nan da muke kira tsawa. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Manomin da ya ƙirga tara tsakanin walƙiya da cida, ya san abin yana kilomita uku da gonarsa, lokacin ajiye hauya ya wuce.

Aradu ba ta tsayawa inda ta faɗa, bazuwa take yi ta cikin ƙasa, ƙarfinta yana raguwa da nisa. Duk mai ƙafa biyu a wurare daban, wutar takan hau ta ɗaya ta sauka ta ɗaya. Saniya ta fi mutum shiga haɗari saboda tazarar ƙafafunta na gaba da na baya, ga zuciya a tsakani. A Agustan 2016, tsawa ta kashe barewar ƙanƙara 323 a tsaunin Hardangervidda na ƙasar Norwe, sun cure wuri guda. A ƙasar kiwo irin Kurfai, inda tashar kiwo ta Tukunus ta yi suna da shanun Azawak, wannan ba labarin nesa ba ne, don garke ma curewa yake yi ƙarƙashin aduwa idan ruwa ya sauko, makiyayi a tsakiya. Itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili shi ne mafi munin mafaka. Mota mai rufin ƙarfe ta fi shi nesa ba kusa ba, kuma ba don taya ba, saɓanin abin da direbobi ke faɗa. Abin da ya keta kilomitoci na iska, roba mai kaurin yatsa za ta tare shi? Jikin motar ne ke zagaye da wutar ta waje ya kai ta ƙasa.

Ruwa ma ana yi masa ƙazafi. Tataccen ruwan da ba komai cikinsa da ƙyar yake ɗaukar lantarki. Gishiri da kanwar da suka narke ciki su ke ɗauka, kuma ruwan rijiya ko na tabki ba ya rabuwa da su. Jikin mutum shi ma ruwan gishiri ne, busasshiyar fata ce ke tsare shi. Idan gumi ko ruwan wanka ya jiƙa ta, tsaronta yana iya raguwa ninki ɗari. Wayar firji da ta ɗan fizge ka da rani kana sanye da takalmi, ita ce za ta kayar da kai a watan Agusta kana tsaye ƙafa ba takalmi bisa jiƙaƙƙen daɓe.

Saura wata al'ada da ke cin rai. A wurare da dama, idan aradu ta faɗa wa mutum sai a ja da baya, a ce ba a taɓa shi sai masu abin sun zo. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna danganta tsawa da aljanin da suke kira Dongo, mu kuma muna da gatarin aradu da rantsuwa da kwarankwatsa. Amma jikin mutum ba batir ba ne, ba ya ajiye wuta. Wanda ke manne da wayar gida, shi ne ba a taɓawa sai an kashe mita ko an ture wayar da busasshen itace. Wanda tsawa ta buga kuwa, wutar ta riga ta wuce ƙasa tun kafin a ji ƙarar. Mafi yawan waɗanda ta buga suna rayuwa, kuma wanda numfashinsa ya tsaya yana buƙatar a danna masa ƙirji a hura masa iska cikin mintunan farko, wani kuma ya ruga neman motar zuwa asibiti.