Kayan Da Ba Ka Taɓawa, Na Wa Ne?

Mutanen Sin suna da wani tsohon ilimi na tsara muhalli mai suna feng shui, wato "iska da ruwa". Mabiyansa na cewa akwai wani ƙarfi, chi, da ke zagaya gida, kuma idan tarkace suka tare masa hanya sai ya kwanta kamar ruwan kwata. Shi ya sa suke umartar a kawar da abin da ya lalace, a bar bakin ƙofa a sarari.

Ba sai ka yarda da chi ba kafin ka san ɗakin da aka cushe yana takura numfashi. Amma damuwar feng shui ita ce abin da tarkace ke hana mai gida. Tambayar da ta fi nauyi ita ce abin da suke hana maƙwabci.

Dubi Unguwar Rimi a Kaduna, inda manyan gidaje ke kusa da ɗakunan haya. A wani sito akwai katifa, fanka da atamfofin lefe da ba a taɓa kai wa tela ba. Layi biyu daga nan, wani uba na neman bashi don ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki.

Ba kowace ajiya ce rowa ba. Jeren tasoshi da kwanonin kakanninmu asusu ne: ranar da gari ya yi zafi, mace ta sauke ɗaya ta sayar. Wannan ajiya ce mai ranarta. Abin zargi shi ne wadda mai ita ya kasa faɗin ranar amfaninta, sai "wataƙila wata rana", har gara da tsatsa su riga mabuƙaci.

Zakka ba ta hawa kan kayan amfanin gida, don haka babu mai tilasta maka. Zuciyarka ce kawai alƙali. Sai dai a kiyaye: juye wa talaka shara ba kyauta ba ce. Abin da ya mutu a ba 'yan jari-bola, ko masu sana'a na kasuwar Panteka su sake sarrafa shi. Mai kyau shi ake miƙa wa mutum, tun yana da kyansa, kuma ba a gaban jama'a ba.