Farashin ruwa bayan shinge: wa ke da haƙƙin matafiyi a ƙaramin filin jirgi?

A ƙananan filayen jiragen sama, irin waɗanda muke da su a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Difa, abin saye da abin ci ba su taka kara sun karya ba. Inda aka samu, bai wuce ɗan kanti guda ba: firiji mai ruwan gora da lemo, ƴan fakitin biskit, wataƙila shayi ko kafe. Wani zai ce batun bai isa a ɓata masa tawada a mujallar al'adu ba. Amma a gaban wannan ɗan kanti ne wata tsohuwar tambaya ta ilimin ɗa'a take fitowa a fili: shin ya halatta a sayar wa mutum abu da tsada don kawai ba shi da inda zai je ya saya? In kuwa bai halatta ba, a wuyan wa alhakin yake?

Mu fara da yadda ciniki yake a kasuwa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka. A ja, a sassauta, har a kai ga sallamawa. In ba a daidaita ba, mai saye ya yi gaba zuwa wata rumfa. Wannan ikon na juya baya shi ne ginshiƙin adalcin kasuwa. Yardar da ake cewa ita ke halatta ciniki ba ta da ma'ana sai in mutum yana da halin cewa a'a. Shi kuwa matafiyin da aka riga aka bincike kayansa, aka shigar da shi ɗakin jira, ya rasa wannan iko. Ba ya iya fita, don kada a kira jirgi ba ya nan. Filin jirgi kuma a bayan gari ake yin sa, nesa da masu tuwo da masu shayi. Tun shekarar 2006, bayan da aka tona asirin wani shiri na kai hari kan jirage masu tashi daga Ingila, akasarin filayen duniya suka hana fasinja wuce wurin bincike da ruwa ko wani abin sha a cikin mazubin da ya fi mililita 100. Duk inda ake aiki da wannan doka, an raba matafiyi da gorarsa kafin a nuna masa firijin mai kanti. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, jinkirin jirgi na sa'a uku ya isa ya mai da shan ruwa larura.

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a saurari mai kanti, domin yana da hujja. Babban fili yana ganin dubban mutane kowace rana. Ƙaramin fili kuwa yakan yini bai ga jirgi ba, in ya gani ma fasinjojin ba su fi ƴan gomomi ba. Mai kanti yana biyan haya, yana biyan yaron da ke tsare masa, yana kunna firiji ko da ciniki ko babu. Abincin da ya dafa don jirgin da aka soke, asara ce a kansa. Wanda ke sayar wa mutum talatin a rana biyu cikin mako ba zai iya ɗora riba irin ta wanda ke sayar wa mutum ɗari uku kullum ba. Saboda haka ba kowane ƙari ne zalunci ba, kuma wanda ya ce lallai farashin filin jirgi ya yi daidai da na bakin kasuwa, ƙarshenta zai tarar an rufe kantin, ya zauna da ƙishirwarsa.

To ina iyakar? Malamin falsafa da tauhidin Kirista, Toma Akwinas, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274, ya bambanta abu biyu da har yau suke da amfani. A ganinsa, mai sayarwa yana da damar ƙara kuɗi saboda asarar da shi kansa zai yi ko wahalar da ya ɗauka. Amma ba shi da damar ƙarawa saboda tsananin bukatar mai saye, domin wannan bukata ba daga gare shi ta fito ba, mutum kuwa ba ya sayar da abin da ba nasa ba. In muka kawo wannan ma'auni filin jirgi, lissafin ya yi sauƙi. Kuɗin haya da na wuta da na dako, duk mallakin mai kanti ne, yana iya sa su cikin farashi. Ƙishirwar fasinja ba hajarsa ba ce. Duk dalar da ya ɗora don ya san mutumin ba shi da mafita, kuɗin ƙishirwa ne ya karɓa.

Malaman Musulunci sun iso wannan wuri ta wata hanya. An hana tarar ayari a bayan gari a saye kayansa kafin ya shiga kasuwa, saboda baƙo bai san farashin gari ba, za a ci da jahilcinsa. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutane takwas da Alƙur'ani ya ambata a matsayin masu cin zakka, ko da mai dukiya ne a garinsu. Hadisi ingantacce kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda yake da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi. Gaskiya ne cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi a Madina sa'ad da kaya suka yi tsada, domin a can kasuwa a buɗe take ga kowa. Amma Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi bayani a littafinsa na hisba cewa in aka keɓe sayar da abinci ga wasu mutane sanannu, aka hana saura, to wajibi ne hukuma ta tilasta musu sayarwa da farashin da ya dace. Tun kafin shi, Ibn Habib, malamin Malikiyya na Andalus, ya nuna yadda za a yi: shugaba ya tara manyan ƴan kasuwa, ya tambaye su yadda suke saye da yadda suke sayarwa, sa'annan a tsayar da farashin da ba zai cuce su ba, ba zai cuci jama'a ba. Kantin filin jirgi shi ne ainihin wannan hali: mutum guda aka ba izini, aka hana kowa.

Nan ne za a gane cewa kaso mafi girma na alhakin ba a kan mai kanti yake ba. Wanda ya kafa shinge, ya ba da izini, ya yanka kuɗin haya, shi ya haifar da halin. Filayen jirage a duniya suna samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarsu daga hayar kantuna da gidajen abinci da wuraren ajiye motoci. Wannan salo ya samo tushe a 1947, lokacin da aka buɗe kantin farko na kayan da ba a biya musu kuɗin kwastan a filin jirgin Shanon na ƙasar Ailan. Tun daga nan aka fara kallon fasinja mai jira a matsayin kasuwa. In hukumar fili ta ba da kanti ga wanda ya fi kowa taya haya, ba tare da sharaɗin farashi ba, ta san sarai daga aljihun wa hayar za ta fito. Ita ta sayar da matafiyin, mai kanti ya zo karɓar kuɗi ne kawai. Ra'ayina a nan shi ne: duk wanda ya rufe wa mutum ƙofa, ko da don tsaron lafiyarsa ne, ya zama mai masaukinsa har zuwa sa'ad da zai buɗe masa.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Unguwar Zango ta Damagaram sunanta ya faɗi aikinta: masaukin ayari ce, inda fatake daga Agadas da Gat da Tarabulus suke sauke kaya a ƙarni na 19. Baƙon ɗan kasuwa yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya samo masa masu saye, ya tsaya masa kada a cuce shi. Fatoma ba sadaka yake yi ba, yana cin la'adarsa. Amma ribarsa ta rataya ne a kan sunansa, domin falken da aka zalunta bana ba zai dawo baɗi ba, kuma labarin zai riga shi isa gida. Kakanninmu sun iya haɗa riba da amana a wuri guda. Abin da ya ɓata lissafin a zamaninmu shi ne, fasinjan jirgi yana wucewa ne sau ɗaya, ba ya da bakin da zai ɓata wa kowa suna. Masanin halayyar al'umma ɗan Faransa, Marc Augé, a littafinsa na 1992, ya kira filayen jirage da manyan kantuna wuraren da ba wurare ba, inda mutum ke zama lambar kujera, ba wanda ya san shi, bai san kowa ba. Inda babu sanayya, kunya ba ta aiki. Dole ne ƙa'ida ta tsaya a madadinta.

Akwai masu cewa: ai wanda ya iya biyan kuɗin jirgi daga Damagaram zuwa Yamai, alhali ga motocin safa suna cin wannan tafiya ta kusan kilomita 900 da kuɗi kaɗan, ba ruwan gora ne zai talauta shi ba, a bar talaka mai kanti ya ɗan lasa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta tsayawa. Da farko, ba duk mai shiga jirgi ne mai hali ba. Akwai marar lafiyar da dangi suka yi karo-karo don ba zai jure hanya ba, akwai ƙaramin ma'aikacin da ofis ya saya wa tikiti, akwai tsohuwar da ɗanta ya aiko mata. Na biyu, ko da duk masu kuɗi ne, adalcin ciniki ba ya duba aljihun mai saye. Wanda ya tauye mudu ga attajiri ya tauye mudu. Al'ummar da ta yarda a cuci wani don ana ganin zai iya ɗauka, ta koya wa ƴaƴanta cewa farashi ya danganta da raunin wanda ke gabanka. Wannan darasi ba ya tsayawa a filin jirgi. Shi ne ake maimaitawa a ƙofar asibiti da tsakar dare, da kuma a tasha ranar jajibirin salla.

Sai dai a rarrabe tsakanin larura da marmari. Kilishin tsaraba, jakar fata ta dukawan Damagaram, sarƙar azurfa ta maƙeran Agadas, turare: waɗannan ba wanda zai galabaita don bai saya ba. Mai so ya taya, in ya ga tsada ya bari, ikonsa na cewa a'a yana nan daram. A kan irin waɗannan kaya, mai kanti ya nemi ribarsa yadda kasuwa ta ba shi. Ruwan sha, da abin da zai riƙe cikin yaro ko mai ciwon sukari har jirgi ya tashi, su ne ke bukatar kariya.

Wasu ƙasashe sun gwada, kuma abin ya yiwu. Filin jirgin Fotland a Amurka ya daɗe da shar'anta wa masu kantuna su sayar da farashin da suke sayarwa a cikin gari. A 2022, hukumar da ke kula da filayen jiragen birnin Niyok ta tsaurara dokarta cewa ƙarin kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari bisa farashin gari. A watan Disamba na 2024, gwamnatin Indiya ta buɗe wani ɗan gidan shayi mai rahusa a filin jirgin Kolkata, inda aka sa ruwan gora rupi 10, shayi ma rupi 10, daga baya aka kai tsarin wasu filaye. Ba a rufe manyan gidajen abinci ba; an dai tabbatar da cewa mai ƙaramin ƙarfi yana da inda zai nufa.

Namu ƙananan filaye sun fi waɗannan sauƙin gyara, domin mutanen kaɗan ne, kuma kowa ya san kowa. Famfo ko randar zamani mai tsabtataccen ruwa kyauta a cikin ɗakin jira ba za ta karya asusun kowace hukuma ba. Allon farashi a bayyane yana kare mai saye daga cuta, yana kare mai kanti daga zargi. A sassauta haya ga wanda ya yarda ya riƙe farashin abubuwan larura kusa da na gari, bisa irin shawarar da Ibn Habib ya siffanta. A kuma buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin mata masu sarrafa abincin gida, bayan an duba tsabtarsu, su kawo fura da nono, da dambun zogale, da dabino da cukui, a ranakun da jirgi ke sauka. Mai sayarwa na biyu shi kaɗai ya isa ya maido wa fasinja ikon juya baya, kuma baƙon da ya sauka garin zai ɗanɗana abin garin, maimakon biskit ɗin da aka yi wa dako daga wata nahiya.

Mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu mun saba yabon karamcin Bahaushe a taruka, muna cewa baƙonka annabinka. A ƙofar gida, inda maƙwabta ke kallo, kowa yana iya kawo wa baƙo ruwa kafin a gaisa. Wurin da za a auna ko karamcin nan hali ne ko ganin ido, shi ne inda baƙon ba zai dawo ba, ba shi da mai tsaya masa, kuma ba ya iya fita. Ɗakin jira na ƙaramin filin jirgi yana cikin irin waɗannan wurare, kuma ga baƙi da yawa shi ne abu na ƙarshe da za su gani na garinmu. Ya kamata masu riƙe da makullinsa su san cewa fatomomi ne, su ɗauki nauyin da sunan ya ƙunsa. Allah ya sa mu gane.