Harshe na mai rubutu ne ko na mai karatu?

Wata ɗalibata da nake koya wa Python da yamma ta tare ni da tambaya: "Malam, in ina son na farko da na uku da na shida a cikin jeri, me ya hana in rubuta jeri[0, 2, 5] kawai?" Ta gwada, kwamfuta ta ƙi. Ban ga laifinta ba, don ba ita ce farkon mai wannan sha'awa ba.

Tambayar ta kwana a raina, domin ta wuce batun kwamfuta. Harshen da dubban mutane suka yi tarayya a kansa, wa ya fi haƙƙi a cikinsa? Mai rubutu yau, ko wanda zai karanta bayan shekara goma, wanda ba ya nan lokacin da ake shawara?

Waƙafin nan da take so ya riga ya ɗauki kaya. A NumPy, wani kayan aikin lissafi na Python, teburi[0, 2] na nufin abu ɗaya tak, wanda ke layin farko, gurbi na uku. A ƙamus ɗin Python kuwa, lambobin biyu haɗuwa suke su zama mabuɗi guda. In aka ɗora masa ma'ana ta uku, duk wanda ya ga layin sai ya koma baya ya binciko ko jeri ne, ko teburi, ko ƙamus. Mai rubutu ya huta da haruffa kaɗan, ya bar wa baƙo wahala. Malaman fiƙihu suna gabatar da kawar da ɓarna a kan jawo amfani, kuma a nan ma ina ganin haka ya dace.

Ba wai babu hanya ba. Tun Python 2.5, a 2006, wani kayan aiki mai suna itemgetter ke ɗauko abubuwa da yawa lokaci guda. Ba shi da kyan gani, na yarda, amma ba ya rikita kowa.

Magana kuma zarar bunu ce: abin da ya shiga harshe da wuya a janye shi. Python 3 ya fito a 2008 don gyara tsofaffin kurakurai, amma sai 2020 aka daina kula da Python 2. A 2018, bayan taƙaddama kan alama ɗaya, wato :=, Guido van Rossum da ya ƙirƙiro harshen ya sauka daga shugabancinsa.

Ɗalibata ba ta gamsu ba, na kuwa ji daɗin hakan, don mai tambaya irin tata zai yi nisa. Amma ni dai ra'ayina a bar waƙafin nan yadda yake.