KA KAFA WA ƘANENKA SANDA A RANA

 

Ya kai ɗan'uwana matashi, da kai nake magana, ba da hukuma ba, ba kuma da malaman makaranta ba. A gidanku akwai yaro ɗan firamare, ko ƙanenka ne ko ɗan yayanka. Yau in ya dawo, ka tambaye shi abin da aka koya musu.

Ni na taɓa shiga wani aji, na tarar yara suna rerawa da ƙarfi cewa tsiro yana bukatar ruwa da iska da haske. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, "Kai yaro, in aka hana tsiro haske me zai same shi?" Sai ya sunkuyar da kai. Yaron nan ɗan manomi ne fa! Amma ba a taɓa ba shi ƙwayar wake a ce ya shuka ya gani ba. Gwangwani uku sun isa: ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya a hana shi ruwa. Cikin mako biyu yaro zai ga na cikin duhu ya yi tsawo, ya yi fari fat, ya langwaɓe. Wannan ba ya mantuwa.

Kada wani ya ce maka wannan aikin 'yan boko ne. Ka buɗe Suratul Gashiya, ka ga yadda Allah Ya kira mutane su dubi raƙumi, da sama, da duwatsu, da ƙasa. Dubawa aka ce. To, yaron da aka saba masa da haddace abin da bai gani ba, aka hana shi tambaya, shi ne gobe boka zai haɗa masa ruwa biyu a kwano su canja launi, ya ce aikin aljanu ne, ya kuwa yarda. Haka ake asarar kuɗi, a yi asarar tauhidi tare da su.

Ɗauki husufin wata. Har yau akwai garuruwan da in wata ya yi zazzaɓi sai yara su fito da gwangwanaye da ganguna, wai rana ta kama wata, a roƙe ta ta sake shi. Ina aka samo wannan? Ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah (S.A.W.) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, Manzon Allah ya kore wannan zato, ya yi umurni da salla da addu'a. Sunna ke nan. Amma in kana so yaro ya jefar da gwangwanin da kansa, ka shiga ɗaki da shi da dare. Ka kunna tocila, ita ce rana. Ka ba shi lemo ya riƙe, shi ne wata. Kansa kuwa shi ne duniya. Ya juya a hankali har kansa ya shiga tsakanin tocila da lemo, zai ga inuwarsa ta rufe lemon. Daga nan shi da kansa zai gane dalilin da ya sa husufin wata ba ya zuwa sai a tsakiyar wata, na rana kuma sai a ƙarshensa. Ka tambayi manya labarin ranar 29 ga Maris 2006, da duhu ya rufe wasu garuruwan arewa maso yammacin Nijeriya da na Nijar da safe. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun da daɗewa. Ba duba suka yi ba, ba kuma gaibu suka sani ba. Lissafi ne na tafiyar da Allah Ya tsara. Sai dai ka ja masa kunne, kada ya kuskura ya kalli rana da ido tsirara, tana makantarwa.

Sai lissafi, kuma a nan ne abin ya fi ba ni takaici. Sau nawa muka ga gado ya raba zumunta, don ba wanda ya iya kasafi a gidan? Mutum ya haddace ayoyin gado a Suratun Nisa'i, amma a ce ya fitar da sumuni da sudusi daga dukiya ɗaya sai gumi ya karyo masa. Ka tara tsakuwa 24 ka zaunar da yaro. Ka ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda. Ya kasa tsakuwar kashi 8 ya ba matar kashi ɗaya, watau 3. Ya mai da su, ya kasa kashi 6 ya ba uwar ɗaya, watau 4. Saura 17 na ɗan ne. Ɗan aji huɗu zai iya wannan, wallahi na gwada. Haka zakkar kuɗi: a kasa kashi 40, a fid da ɗaya. Damin gero 10 na noman damina, a fid da ɗaya. Abin da aka yi wa ban ruwa da wahala kuwa ɗaya cikin 20.

Magabata ba su raba waɗannan abubuwa ba. Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na Aljabaru a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban sashe na littafin a kan gado da wasiyya yake. Daga sunan littafin nan Turawa suka sami sunan fannin da suke koyarwa har yau. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya ƙi karɓar maganar mutanen da a kan gani sai da ya gwada, da ɗaki mai duhu da 'yar ƙofar da haske ke shigowa. Kwali da allura da takarda sun isa ƙanenka ya ga harshen kyandir ya fito a kife, kamar yadda malamin nan ya bayyana. Ba na kawo sunayensu don mu yi ta alfahari da kakanni ba. Alfaharin nan ya ishe mu haka. Su da hannu suka yi aiki.

Na san abin da za ka ce: ba kayan aiki, ba kuɗi. To, sanda fa? Ka sami wuri mai baje a tsakar gida, ka kafa sanda a miƙe. Yaro ya riƙa sa tsakuwa a bakin inuwar tun daga hantsi. Zai ga tana raguwa, tana raguwa, har ta tsaya, sa'an nan ta fara ƙaruwa ta wajen gabas. Zawali ke nan, lokacin Azahar ya shiga. In inuwar ta kai tsawon sandar, ban da wadda ta rage a lokacin zawali, La'asar ta yi. Ka ga a zama ɗaya ya koyi awo, ya koyi fiƙihu. In ya dage wata da watanni yana rubutawa a littafi, zai gano wani abu da manya da yawa ba su lura da shi ba: a ƙasar Kano inuwar zawali tana karkata kudu daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, sauran shekara kuma arewa. In ya tambaye ka dalili kada ka tsawata masa, kada kuma ka ƙaga masa amsa. Ku je ku tambaya tare.

Kada ka cire sandar nan. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da wajen 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27 na safe, agogon Nijeriya da Nijar. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuwa tana nuna kishiyarta. Ka ba yaron zare da ƙusa biyu ya ja layi a kan inuwar, sa'an nan ku shimfiɗa tabarmar salla a gefensa, ku ga ko inda mutanen gidan suka saba fuskanta ya yi daidai.