Wa Kake So Ya Gani?

Ɗan'uwa, da 'yan bindiga suka kori iyalai daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa, mu ma a Ƙanƙara mun kai masu masara. Madalla. Amma da ba mai ɗaukar hoto, da fasto ba zai ambaci sunanka a majami'a ba, tiya nawa za ka auna?

Barnaba ya sayar da gona, Hananiya ma ya sayar. Ƙauna ta sa Barnaba, Hananiya kuwa suna yake nema.

A wannan mako, taimaki mutum guda a ɓoye. In ranka ya sosu don ba a yaba ba, ka gane wanda kake bauta wa.

Addu'a: Ya Ruhu Mai Tsarki, tona mini abin da na ɓoye wa kaina. Amin.