Ɗana, Kada Ka Yi Gaggawar Cewa "Mun Yafe"

Ɗana, zo ka zauna. Akwai maganar da nake so ta shiga kunnenka tun ranar buƙatarta ba ta zo ba, Allah Ya sa kada ma ta zo. Magana ce a kan wanda mota ko babur ya kaɗe, ko ya faɗo daga saman gini a wurin aiki, kansa ya bugu.

Ka san yadda muke yi. Mai rauni yana kwance a asibiti, sai direba ya zo da dattawan unguwarsu da wani daga ƙungiyar direbobi. A gaisa, a jajanta, a tura 'yan kuɗi ƙarƙashin filo "na magani." Babban gida ya gyara murya ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mun yafe duniya da lahira. Washegari a je ofishin 'yan sanda a rubuta takardar janye magana, a saki mota. Kowa ya koma gida ana yaba mutuncin gidan. Ban raina wannan hali ba, domin da shi muke zaune lafiya da juna. Amma idan kai ne ya bugu, ina horonka da ka dakata.

Karayar hannu ana ganinta, a ɗora, a ƙirga makonni. Raunin ƙwaƙwalwa ɓoyayye ne. Mutum zai iya suma a wurin haɗari, ya farfaɗo, ya yi hira har da dariya, alhali jini yana taruwa a cikin ƙoƙon kansa, bayan 'yan sa'o'i ya sake faɗuwa. A wurin tsofaffi, tarin jinin kan ɗauki makonni kafin ya nuna kansa. Wani kuma a yi masa hoton ƙwaƙwalwa na CT a ce ba a ga komai ba, a sallame shi, sai a gida a fara lura ba shi ne mutumin da aka sani ba. Tela ya manta awon da ya ɗauka da safe. Ɗan kasuwar da ke lissafi da ka ya kasa ba da canji. Mai haƙurin da ba a taɓa jin muryarsa ba ya koma zagin matarsa a kan gishirin miya. Ciwon kai ba ya sauka, hanci ya daina jin ƙamshi, barci ya rikice, farfaɗiya kuma tana iya bayyana bayan watanni ko ma shekaru. A nan ne dangi ke cewa sammu ne ko iska, a kama hanyar masu magani, a manta da buguwar da aka yafe tun mako na farko. Wa zai ciyar da 'ya'yansa a lokacin? Dattawan da suka zo biko sun daɗe da komawa harkokinsu.

Kada wani ya ce maka neman diyya rashin tawakkali ne. Malamanmu na Malikiyya sun yi wa raunin kai babi daki-daki. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Raunin da ya bayyana ƙashin kai yana da raƙuma 5, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa yana da sulusin diyya, gushewar hankali kuwa cikakkiyar diyya ce, daidai da ta rai. Abin da na fi so ka riƙe shi ne, sun ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, don a ga inda ya tsaya. Mutanen da suka rayu shekara dubu kafin a ƙirƙiro na'urar hoton ƙwaƙwalwa sun gane cewa gaggawa a nan zalunci ce. Yafiya alheri ce, amma haƙƙin na mai raunin ne. Wansa ko kawunsa ba su da hurumin yin kyauta da abin da ba nasu ba, ballantana mai haƙƙin yana kwance bai san inda kansa yake ba.

To, me za ka yi? Rai tukuna. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Idan rauni ya yi tsanani, a nemi asibitin da ke da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likitoci suna auna farkawar mai rauni da ma'aunin Glasgow, daga 3 zuwa 15. Wanda ya samu 8 zuwa ƙasa, rauninsa mai tsanani ne. Wannan lamba da aka rubuta a katinsa ranar farko shaida ce babba, ka tabbata fayil ɗin bai ɓata ba.

Sai takardu. Mu Hausawa muna da sakaci da takarda, kotu kuwa ba ta jin "wallahi mun kashe kuɗi da yawa." Duk abin da ka ce ka kashe, sai ka nuna rasit: na magani, na hoto, na gado, na gashin ƙashi, har kuɗin mota zuwa asibiti ka rubuta. Ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka ɗauki lambar motar da hotonta, ka nemi lambar wayar waɗanda suka ga abin da idonsu tun ba su watse ba. Sannan ka sayi ɗan littafi ka ba matarsa ko mahaifiyarsa, ta riƙa rubuta abin da take gani da kwanan wata: yau ya ɓata a hanyar masallaci, yau ya faɗi yana kakkafewa. Likita minti goma yake ganinsa, ita ce take kwana da shi take tashi.

Na san abin da ke hana mu: tausayin direba, talaka ne ɗan'uwanmu, me za a samu a wurinsa? Sau da yawa ba aljihunsa ake nufi ba. Doka ta wajabta wa kowace mota da ke hawa titi a Najeriya inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Naira miliyan 3 da ake yawan ambata ta dukiyar da aka lalata ce. Rauni da rai lissafinsu daban. Ke nan kamfani ya riga ya karɓi kuɗi don irin wannan rana, idan ka yafe, kamfanin ka yafe wa. Sai dai a bincika, don takardun inshora na jabu sun yi yawa. Idan kuma direban yana bakin aikin wani ne, tirela ce ta kamfani ko motar haya ta wani attajiri, ubangidan ma yana ɗaukar alhaki. Wanda ya ji rauni a wurin aiki yana da wata ƙofar, wato Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 da asusun NSITF, amma ana so a sanar da ubangida cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara guda.

Ka ga ke nan jiran da na ce ka yi ba na naɗe hannu ba ne. Ka jinkirta sa hannu, kada ka jinkirta zuwa wurin lauya. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙara, idan ya wuce, ko gaskiyarka ta kai ina, kotu ba za ta saurara ba. Idan ma'aikacin gwamnati ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, akwai dokar da ta taƙaita wa'adin zuwa wata uku kacal. In babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda dokarta ta haɗa da ƙararrakin haɗari. In kuwa lauyan kuɗi ka ɗauka, ku rubuta kasonsa a takarda tun farko, kada sai kuɗi sun fito a fara kallon-kallo.

Mutanen direba ko kamfanin inshora za su kawo maka takarda da kuɗi a hannu, su ce sa hannu kawai, tsari ne. Mafi yawanci abin da ke ciki shi ne kun karɓa, magana ta mutu har abada. Kuɗin magani kam ka karɓa, amma a rubuta cewa na magani ne, ba sulhun ƙarshe ba. Ka kuma faɗa wa lauyanka gaskiya: idan ɗan'uwanka bai sa hular kwano ba, ko ya tsallaka titi ba tare da dubawa ba, hakan na iya rage abin da za a biya, amma ba lalle ya soke shi ba.

Idan Allah Ya sa kuɗin sun fito, ɗana, ba gado ba ne da za a raba, ba kuma jarin da wansa zai ara ya juya ba. A buɗe asusu da sunan mai raunin, amintattu biyu su riƙa sa hannu tare, a fara ware na maganin farfaɗiya da na komawa asibiti da na makarantar yaransa, kowace fita kuma a rubuta ta a littafi inda matarsa za ta iya gani.