Haƙƙin Jiki da Haƙƙin Mai Jiran Sa Hannu

A babin ijara, wato yarjejeniyar ɗaukar mutum aiki bisa lada sananne, malaman fiƙihu sun raba ma'aikata gida biyu: akwai wanda ake biya saboda abin da hannunsa ya yi, kamar tela da maƙeri, akwai kuma wanda aka sayi lokacinsa, kuma a wannan rukuni na biyu ma'aikacin ofis yake. Sa'o'in da ke tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma amana ne a hannunsa, saboda haka sauraron wanda ya zo neman sa hannu da sakin fuska yana cikin abin da aka riga aka biya shi ya yi, ko da shi yana ganin alfarma yake yi.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ko barcin ma'aikaci da cimarsa suna cikin wannan amana. Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya tarar da Abu Darda'i yana azumi da rana da tsayuwar dare har iyalinsa sun shiga damuwa, sai ya sa shi ya ci abinci ya kuma yi barci, ya tuna masa cewa kansa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Idan nafila ba ta zama uzurin tauye jiki ba, da wuya kallon waya har ƙarfe 2 na dare ya zama uzuri.

Illar ba ta tsayawa kan mai jikin, domin wanda ya kwana bai yi barci ba, ya fito bai karya ba, ya wuni a kujera da lemon kwalba a gabansa, zuciyarsa a kusa take, kuma a kan mai rauni take sauka. Tsohon ɗan fansho da ya ranto kuɗin mota daga ƙauye, ya ƙunso takardunsa a leda, shi ake cewa ya dawo gobe ba tare da an ɗaga kai an dube shi ba, alhali fayil ɗinsa yana kan teburin. Game da wuni a kujera kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wanda tafiyar rabin awa a kwanakin aiki 5 ta isa ta cika. Sallar Azahar tana katse dogon zama, amma ba ta ɗauke wannan buƙata.

Sai dai kuskure ne a ɗora wa ma'aikaci nauyin duka da sunan haƙuri. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a Ihya'u Ulumiddin cewa mutuwar zuciya aibi ce kamar yadda yawan fushi yake aibi, kuma abin nema shi ne fushin da hankali da shari'a ke riƙe da linzaminsa. A bisa wannan, wanda aka riƙe wa albashi wata da watanni, ko oga ya ci masa mutunci a gaban jama'a, yana da damar ya rubuta koke ko ya kai ƙara ga ƙungiyar ƙwadago, kuma yin haka bai fitar da shi daga cikin masu haƙuri ba. Abin da aka hana shi shi ne ya huce a kan masinja da mai shara, waɗanda wataƙila su ma ba a biya su ba.